Keken Da Aka Yi Ta Kyautarwa

Akwai wani ƙaramin gari mai ƙungiyar sa-kai. Mutum uku suka kafa ta a kan bencin shagon aski: mai askin, da tela, da mai walda. Kwata ta toshe, su yashe. Wani ya kwanta ciwo, su kai shi asibiti. Iska ta yaye rufin makaranta, su hau. Shekara da shekaru suna haka, ko hoto ɗaya ba su da shi.

Sai Allah ya jarrabe su da sabon shugaba, wanda ake ce wa Mai Tabarau. Shi ya kawo riguna masu tambari da mai ɗaukar hoto, ya tura tsofaffin 'yan ƙungiya layin baya, wai suna ɓata tsari. Ni kaina, da wannan kyan fuska da Allah ya ba ni, na tsaya kusa da shi, hoto ya fito da kafaɗata kaɗai. Na yafe, amma ban manta ba.

A zamaninsa keken guragu ɗaya tak aka saya. A ɗaura masa jan ƙyalle, a miƙa wa mabukaci, a tafa, a ɗauki hoto. Bayan 'yan kwanaki a aiko a ɗauke, wai za a sa masa mai. Sai a sake masa fenti, a nufi wata unguwa.

Na ƙarshen da keken ya faɗo wa wani dattijo ne mai gyaran takalmi. Kafin nan da hannu yake jan jiki zuwa bakin tasha, inda yake aiki. In an yi ruwa, ranar ba fita, ba cefane. Da ya samu keke, shi ke riga kowa isa, akwatin aikinsa a cinya.

Ana gab da bikin tunawa da kafa ƙungiya, Mai Tabarau ya zo da kansa. Ya tsaya nesa, yana kaffa-kaffa da farar rigarsa.

"Baba, za mu ɗan ɗauki keken a sa masa mai."

"Ɗana, ai jiya na sa masa."

"Man kamfani daban ne. Ba za ka gane ba."

"To, ban gane ba. Bari ranar bikin in kawo shi da kaina, in yi maka godiya gaban manya."

Da jin godiya gaban manya, shugaba ya washe baki. Ya ce wa mai aski ya tattaro mabukata su cika sahun gaba. Mai aski ya shiga unguwa-unguwa. Ya dai zaɓi waɗanda zai gayyata a tsanake.

Ranar biki an cika bango da hotuna: wannan kan jan keke, wancan kan shuɗi, waccan kan kore. Babbar baƙuwa wata likita ce. Tana zaune sai ga mutanen hotunan suna shigowa. Wata tsohuwa a bayan ɗanta, wani a cikin baro, wani yana dogara sanda. Dattijo kaɗai ya shigo a kan keke.

Likita ta dubi bango, ta dubi mutanen.

"Inna, ina kekenki?"

"Ga shi can, 'yata, mai takalmi na kai."

"Naka fa?" ta tambayi na cikin baro.

"Shi ne dai, ranki ya daɗe. A wajena shuɗi ne."

Mai Tabarau ya goge gumi. "Wato, tsarin karɓa-karɓa muke gwadawa."

Dattijo ya danne birki, ya gyara zama.

"To, karɓa ta ƙare a kaina, ɗana. In kana son keken, ɗauke shi har da ni, ka riƙa kai ni tasha kullum."

Dariya ta ɓarke, har da masu rigar tambari. Kafin a tashi aka sauke shugaba, ba wanda ya roƙa masa. Mai walda ya ce a tara masa tsofaffin kekuna, zai haɗa wa sauran nasu.

Dattijo ya murza tayarsa ya nufi tasha. Ya ce akwai takalmin da ya yi alkawarin gamawa kafin la'asar.

Darasi: Abin da ka bayar don a gan ka, aro ne ba kyauta ba, kuma talaka yana shiru ne, ba makaho ba ne. Ku tura wa wasu su karanta. Na san halinku, kullum ku sha labarina ku goge baki ku wuce, ni da Allah ya yi wa baiwa ko sannu babu.