Ayu da Ƙarar Jirage

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa.

Ta zo mu ji ta, kunnenmu naki ne.

A wani babban kogi akwai wata Ayu, wato saniyar ruwa, da ɗanta guda ɗaya. Ruwan kogin jawur yake da laka, ko kusa da juna suke ba sa ganin juna. Da murya suke neman juna. In ta ce, "Ɗana, kana ina?" sai ya ce, "Ga ni, Inna."

Ana nan, sai jirage masu inji suka shigo kogin suna jigilar kaya. Ƙararsu ta cika ƙarƙashin ruwa. Ayu ta kira, ɗan bai amsa ba sai da ta yi karo da shi.

Sai ta je wurin tsohuwar Kififiya, kunkurun ruwa, ta ce, "Iya, ɗana ya kurumce ne?"

Kififiya ta ce, "Kunnensa lafiya lau. Tsaya nan ki yi ta kira, ni in yi ta nisa, mu auna inda muryarki take kaiwa."

Da babu jirgi, Kififiya ta jiyo ta har daga tsibiri. Da jirgi ɗaya ya wuce, muryar ta tsaya a bakin ciyayi. Ranar kasuwa kuwa, da jirage suka yi yawa, sai da Kififiya ta dawo dab da hancin Ayu sannan ta ji.

Ta ce, "'Yata, kin ga ma'aunin. Ranar kasuwa kada ya rabu da jikinki."

Ayu ta tafi neman taimako. Ta sami Dorina, Dorina ta ce, "Ni ƙaura zan yi." Ta sami Kada, Kada ya ce, "Ni ƙarar ta yi mini daidai, kifi ba ya jin zuwana." Sai ta ɗago kai kusa da wani jirgi ta ce, "Malam, don Allah ku rage gudu." Matuƙin bai ji ta ba, injinsa na ruri.

Da kasuwa ta zagayo, igiyar ruwa ta fizge ɗan daga jikinta. Ta yi ta kira, shi ma yana ta kira, ciyawa kaɗan ce tsakaninsu. Sai ya taso sama neman uwarsa, farfelar wani jirgi ta sare shi.

Da yamma jirage suka tafi, kogi ya yi tsit. Ayu ta same shi kwance cikin ciyayi. Ta tura shi da hanci, ta sake turawa, bai motsa ba. Kififiya ta zo ta zauna kusa da ita.

Matuƙin ya koma gida ya ci tuwonsa, bai san abin da ya yi ba.

To, yara, duk inda kuka ratsa, gidan wani ne. Ku sassauta ƙara, akwai mai kiran ɗansa a ƙasa.

Kurunkus, tatsuniya ta nutse a ruwa.