Furen Bado a Tsakiyar Falo

Akwai wata mata a Birnin Kudu mai suna Muhsina, 'yar manoman Farin Dutse, da take aure a wani gidan malamai.

Duk ƙarshen damina ƙanenta yakan kawo mata furen bado daga tafkin garinsu. Masu dogon kara takan tsayar da su a ƙaramin tulu kusa da taga. Sauran ta datse su, ta zuba ruwa a baƙin akushi, su yi ta yawo a kai, fari a kan baƙi.

Ranar walimar saukar Alƙur'anin 'yarta, yayar mijinta, Hajiya Kubra, ta shigo da furen roba daga Kano. Ta tsaya a ƙofar falo tana yatsina fuska.

"Muhsina, kwashe wannan kafin baƙi su zo. Bado fa abincin yunwa ne. So kike a ce daga tafki muka ɗebo ki? Ita ma Dadarku a shimfiɗa mata a ɗakin baya, za ta fi sakewa."

Muhsina ta san ba sakewar mahaifiyarta ake nema ba. Ɓoye ta ake son yi.

"Yaya, furen yana nan. Dada ma tana nan."

Ta ɗauki akushin da ya fi girma ta ajiye a tsakiyar falo, ta riƙo hannun Dada ta zaunar da ita a gabansa.

Da mata suka cika, wata baƙuwa ta leƙa akushin. "Kai, wannan daga wace ƙasa aka kawo shi?"

Hajiya Kubra ta buɗe baki, Muhsina ta riga ta.

"Bado ne, Hajiya. Shekarar da geronmu ya ƙone, wannan tsohuwar ce take shiga ruwa har ƙirji ta tsinko 'ya'yansa, ta shanya, ta dafa mana. Da shi na rayu."

Hajiya Kubra ta sunkuyar da kai tana gyara mayafi.

Sai Inna Hadijatu, mahaifiyar Kubra, ta ajiye carbinta ta dubi Dada.

"Da mai kuka ci, ko gaya?"

"Wane mai, Hajiya? Gishiri ma sai an dace."

Inna ta yi dariya har da hawaye. "Mu a Surko ko gishirin babu. Ina goyon Kubra na ci shi, da shi na shayar da ita."

"Inna!" in ji Kubra.

"Ƙarya na yi? Ke dai ba ki taɓa tambaya ba."

Tsohuwar ta taso daga kujerarta, ta zauna a ƙasa kusa da Dada, kafaɗa da kafaɗa. A nan aka kawo musu abinci a kwano ɗaya.

Darasi: Kada ka ji kunyar abin da ya raya ka, kada kuma ka raina abincin wani alhali ba ka san da me aka raine ka ba. Ku tura wa duk wanda yake ɓoye asalinsa.