Uwar da Ta Manta Fuskar 'Yarta

Akwai wata mata 'yar garin Tucumán mai suna Griselda, wadda ta ajiye aikin koyarwa ta koma gida jinyar mahaifiyarta, Doña Eulalia. Ciwon mantuwa ne ya kama tsohuwar. Griselda ke mata wanka, ita ke ba ta abinci a baki, ita ke bin unguwa nemanta in ta sulale ta fice.

Amma suna ɗaya ne a bakin tsohuwar: Fabián, ɗanta da ke Sifen, wanda ko waya sai ya ga dama yake bugowa.

Griselda ta kai ta Buenos Aires, babban birnin ƙasarsu, ganin babban likita. Ya duba, ya ce babu abin da ya rage sai lallaɓawa. Motarsu ta komawa sai yamma za ta tashi, sai Griselda ta tuna uwarta ta sha cewa tana son ganin lambun Japanawa da ke unguwar Palermo a birnin kafin ta mutu. Ta kama hannunta suka tafi.

"Mama, ga lambun da kike ta mafarki. Dubi jar gadar can. Dubi kifayen nan, kowanne ya kai damtsena."

Tsohuwa ta washe baki. "Fabián ne ya kawo ni, ko? Yaron kirki. Ina ya shiga?"

"Ni na kawo ki, Mama."

"Ke kuma wa ya kasa da ke? Kira min Fabián."

Nan haƙurin shekaru ya tsinke.

"Fabián, Fabián! Ko cokali ya taɓa wanke miki? Na bar aikina, wanda zai aure ni ya gaji ya tafi, amma ko sau ɗaya ba ki taɓa cewa sannu ba!"

Masu ɗaukar hoto suka juyo suna kallonsu. Griselda ta zaunar da ita kan benci a bakin tafki, ta koma bayan wasu itatuwan gora inda take iya hango ta, ta yi kuka har ta gode Allah.

Da ta dawo, tsohuwar ta ɗago ta dube ta kamar baƙuwa.

"'Yar nan, zo ki zauna. Kuka kika yi? Namiji ne, ko? Rabu da su, duk haka suke."

Griselda ta zauna kusa da ita.

"Ni 'ya'yana biyu," in ji tsohuwar, tana kallon kifayen. "Namijin dole in yi ta kiransa, in na yi shiru mantawa zai yi da ni. Amma Griselda ba a kiranta. Kafin in buɗe baki ta iso. Tana ƙarama ubanta ya rasu, na jibga mata gidan gaba ɗaya. Ban taɓa ce mata na gode ba. Kullum sai in ce gobe."

"To ki faɗa mata yanzu mana," in ji Griselda.

"Ba ta nan. Ina jin na ɓata mata rai ne, amma za ta dawo, ba ta taɓa barina ba. In kin gan ta, doguwa ce, da tabo a goshi. Ki ce mata ta yafe min."

Griselda ta durƙusa gabanta, ta ɗage gashin da ya rufe mata goshi.

"Mama, dube ni da kyau. Ni ce."

Doña Eulalia ta daɗe tana kallonta. Ta sa hannu ta share mata hawaye, ta yi murmushi.

"Kina da kirki, 'yar nan. Yaya sunanki?"

Damina ba ta kai ga faɗuwa ba tsohuwar ta rasu, a hannun 'yarta, ba ta sake gane ta ba.

Darasi: Kada ka bari sai gobe kafin ka gode wa wanda ke tsaye a kanka kullum, domin goben na iya zuwa ba ka san fuskarsa ba. Kai kuma mai jinyar iyaye, shirunsu ba ya nufin ba su ga wahalarka ba. Tura wa wani mai jinya, wataƙila yau yake buƙatar jin haka.