Ragunan Alhaji Tanimu

Ku gyara zama in ba ku wani labari, amma da sharaɗi: in na gama, ba mai tashi sai ya faɗi ra'ayinsa.

A wata ƙaramar hukuma ta bakin fadama, inda kububuwa ke saran manoma duk damina, hukumar lafiya tana da kwamitin mutum uku masu sayo magunguna. Akwai Mamuda sakatare, da Hansatu mai duba ingancin magani, da Sallau mai riƙe da sito. Tare aka ɗauke su aiki, kuma tun ranar babu wanda ke son ganin ɗan'uwansa ya wuce shi. In aka sa wa ofishin Sallau fanka, Mamuda sai ya wuni da ciwon kai. Ga shi shugaban sashensu zai yi ritaya, kujerar ɗaya ce, kowa kuma ya ɗora ido a kanta.

A shekarar, Babbar Sallah ta zo daf da damina. Hukuma ta ce 'yan kwangila su kawo farashin allurar dafin maciji. Kamfani uku suka nema, na Alhaji Tanimu ya fi araha. Kafin a sa hannu, sai Alhaji ya aika gaisuwar Sallah gidajen 'yan kwamitin. Kun dai san halinmu, ba a mayar wa babban mutum kyautarsa, da wannan ya dogara. Inda ya yi kuskure, bai daidaita rabon ba.

Mamuda ya karɓi ragonsa da murna, har ya saya masa dusa. Washegari ya bi ta ƙofar gidan Sallau, ya hango wani farin rago mai gemu a ɗaure, wanda ya kusa biyun nasa. Baƙin ciki ya tokare shi. Ya koma gida ya kwance nasa, ya ja shi da rana tsaka ta tsakiyar kasuwa, ragon yana turjewa, shi yana zufa, har ƙofar Alhaji. Duk wanda ya tambaya sai ya ce, "Cin hanci ne aka kawo mini, ni kuwa ba na ci." Kafin la'asar magana ta kai kunnen daraktan hukumar lafiya, ya ce a dakatar da sa hannu.

Hansatu kuwa ko ɗan akuya ba ta samu ba. Turmin atamfa aka kai mata, wai ai ita mace ce. Abin ya ci mata rai ƙwarai, ga kuma Mamuda ana ta yi masa kirari a gari. Ta mayar da atamfar, ta ɗauko samfurin allurar da ta kusa wucewa a kai ba tare da ta buɗe ba, ta zauna ta bi shi dalla-dalla don ta samo abin da za ta rama da shi. Ta kuwa samu. Allurar ta macizan wata ƙasa ce can nesa, ba ta aiki a kan dafin kububuwarmu. Da an saye ta, da sai a yi wa mutum allura a tsaya ana kallonsa jini na zuba har ya cika. Darakta ya soke kwangilar Alhaji, ya ce a ba kamfani na biyu.

Saura Sallau, mai babban rago. Shi surukin Alhaji Tanimu ne, 'yarsa yake aure, kuma bai taɓa shaida wa hukuma ba. Ya zauna a taro yana jin ana yabon Mamuda, ana yabon Hansatu, shi ko kallonsa ba a yi. Zuciya ta ɗebe shi. Ya miƙe ya ce, "Ranka ya daɗe, kamfani na biyu da na uku duk na surukina ne, sunaye kawai aka sauya. Allurar nan dai ita za a kawo a wani kwali." Babu wanda ya san wannan sai shi. Aka rushe komai, aka sake kiran 'yan kwangila a fili, aka sayo allurar gaske. Sallau ya koma gida ya tarar matarsa ta kwashe kayanta ta tafi gidan ubanta, har yau ba ta dawo ba.

Da damina ta yi nisa, kububuwa ta sari ƙanena Lawandi a gonar shinkafa. Ni na ɗauko shi a babur, ƙafarsa ta kumbura kamar turmi, dasashinsa na jini. Allurar gasken nan aka yi masa. Ga shi can zaune yana jinmu, ku tambaye shi.

Ranar da darakta ya tara su a kan maganar kujera, kowa ya shiga rage ɗan'uwansa. Hansatu ta ce da ragon Mamuda ya fi girma, da tuni an soye shi. Mamuda ya ce da an kai wa Hansatu rago, da ko kwalin ba za ta buɗe ba. Su biyun suka haɗu a kan Sallau, wai ya san gaskiya tun farko ya yi gum. Sallau ya ce su nuna masa abin da suka rasa, shi da ya rasa mata. Kuma abin haushin, duk wanda ya yi magana a cikinsu gaskiya ya faɗa.

Ni dai na san da Mamuda bai ja ragonsa ba, da an sa hannu. Da Hansatu ba ta buɗe kwalin ba, da arha ta yi nasara. Da Sallau bai tona surukinsa ba, da an binne Lawandi. Na kuma san babu ɗaya a cikinsu da tausayin manomi ya motsa, hassada ce ta tashe su duka.

To, ku da za a sayo wa 'ya'yanku magani gobe, wa za ku miƙa wa kujerar nan a cikin ukun?