Rufin Ɗakin Uwar Gizo

To 'yan jikoki, ku matso, ga ta nan, ga ta gare ku.

Ta taho mu ji ta, Kaka.

Can ƙasar Maroko akwai wani tsoho, Mu'allim Bushaibu, mai zane a jikin katako. Ƙofa ce, akwati ne, rufin ɗaki ne, idan ya zuba musu taurari da furanni sai ka manta da yunwa. Gizo kuwa ya maƙale a saman shagonsa shekara guda yana satar sana'a. Ya ga yadda ake kwaɓa launi da gwaiduwar ƙwai, ya ga burushin gashin wutsiyar jaki, ya haddace tauraro mai tsini takwas. Abu ɗaya ya raina: kafin tsohon ya taɓa fenti, sai ya ƙwanƙwasa kowane katako da yatsa ya kara kunne. Gizo ya ce a ransa, tsufa ne, mutum har ya fara sallama da itace.

Ya koma gida ya ce wa uwarsa, "Inna, zan miki rufin da ko matar attajiri ba ta kwana ƙarƙashinsa ba."

Ta ce, "Kai dai ka toshe min inda ke yoyo."

Ya kwaso katakan da tsohon ya jefar bayan shago. Ya ɗora burushi a kan na farko, sai wata 'yar murya ta ce, "Maigida, da mutane a ciki."

"Su wa?"

"Gara ce da iyalinta."

"Ku yi haƙuri da warin fenti." Ya zana jan fure a kan ramin.

A na biyu gara ta ce, "Maigida, mun cinye cikin, ɓawo ya rage." Ya rufe bakinta da koren ganye. A na uku ta ce, "Wa zai zauna a ƙarƙashi?" Gizo ya danna mata shuɗin tauraro.

Rufi ya hau. Gari ya zo kallo, Gizo na ta karɓar sannu da ƙafa takwas. Tsohuwa ma ta daina fita, kullum tana kishingiɗe tana ƙirga taurarinta.

Ranar da ruwan farko ya sauka, da hantsi, Gizo na kasuwa yana cika baki, katako ya sha ruwa ya yi nauyi, rufi ya rufta. Ƙarar har rumfar mahauta. Gizo ya iso da gudu yana tono yana kiran Inna, duk furen da ya kama sai ya marmashe a hannunsa. Da ya kai gare ta, ta riga ta yi sanyi.

Mu'allim Bushaibu ya zo gaisuwa. Ya ɗauki guntun katako ya juya shi, ya ce, "Hannunka ya fi nawa kyau, ɗana. Da ka sauko ka tambaye ni."

Kun ji, yara. Wanda ya koyi ado bai koyi duba abin da zai ɗora adon a kai ba, kansa da nasa yake haƙa wa rami.

Ƙurunƙus, kan ɗan kusu ya ƙare ta.