Filafilin Baba Jatau

To, ku gyara zama, yau ba mai tashi sai an yi gardama.

An yi wani tsohon masunci a Yauri, ana kiransa Baba Jatau. A kan kogin Kwara ya yi furfura, amma tun yana yaro abu ɗaya ya tsaya masa a rai: ina duk ruwan nan yake zuwa? Fatake sun ba shi labarin wani siririn yashi can kudu da ya miƙe cikin ruwa kamar harshe, kogi a gefe guda, teku a ɗaya gefen. Da yanar ido ta fara rufe masa gani, sai ya tara 'ya'yansa uku, Shekarau da Tambaya da Mantau.

Ya ce, "Ku kai ni in gani tun idon bai gama tafiya ba. Filafilin tuƙa jirgin nan da na gada wurin kakana, wanda ya fi yi mini ƙoƙari shi zai riƙe shi."

Suka kama hanya a motar Shekarau, tsoho riƙe da filafilinsa, har suka faɗa titin bakin teku. Kai, Allah ya yi wa hanyar nan kyau! Itatuwan kwakwa sun jeru iyakar ganinka, ga mata suna dafa ruwa suna fitar da gishiri, ga wata tsohuwar hasumiya mai fitila da ke nuna wa jirage hanya. Shi tsoho dishi-dishi yake gani, amma da ya ji masunta suna jan taru suna waƙa, sai ya leƙa ta taga ya ce, "Sannunku da aiki, 'yan'uwa!" Ba mai jin Hausa a cikinsu, amma duk suka ɗaga masa hannu.

Can kwalta ta ƙare, sai yashi zalla. A nan kowane direba ke juyawa. Shekarau kuwa ya yi shekaru yana ɗaukar kaya zuwa Agadas, ya san halin yashi. Ya sauka ya rage iskar tayoyi, ya lallaba motar nan kamar mai jinya, har ya dire su a ƙarshen harshen. Ba don shi ba, da daga nesa za su ji ƙugin teku su koma gida.

Aka fito da tsoho. Ya ware ido, ya sake warewa, bai ga komai ba sai fari fat. 

Ya ce, "Ashe na makara. Ku mai da ni gida."

Tambaya ta ce, "Baba, cire takalminka."

Ta kama hannunsa ta kai shi gefen kogi, ta ɗebo ruwa a tafinta ta ba shi. Ya kurɓa ya ce, "Wannan na gida ne." Ta juya da shi gefen teku, ya kurɓa ya ɓata fuska. Sannan ta ja shi can tsini, inda ruwan biyu ke karo, ta tsayar da shi har gwiwa. Ya ji kogi na tura shi gaba, teku na mai da shi baya. Sai ga tsoho yana dariya, hawaye na bin gemunsa. Ba don ita ba, da zuwan ya tashi a banza.

To, mutanen kogi ke nan, Allah ya bar mu da su. A wurinsu sau ɗaya ruwa ke cika a shekara, ba wanda ya gaya musu na teku sau biyu yake cika a yini. Suka shimfiɗa tabarma suka ci ƙosai, suka yi azahar. Kafin su shafa addu'a ruwa ya yanke hanya ta bayansu, ya fara lasar tayoyin mota.

Shekarau da Tambaya za su iya fid da kansu da ƙyar, amma tsoho fa? Sai Mantau ya durƙusa. Ya goya ubansa, ya ɗaure shi da rawani, ya ɗauki filafilin yana dogarawa. Da ƙasa ta ƙwace masa, sai ya kama iyo cikin ruwan da bai taɓa shiga ba, gishiri na cin idonsa, igiyar ruwa na jansa. Ya nutse ya taso, ya kuma nutsewa, amma bai bar kan tsoho ya shiga ruwa ba har suka taka tudu. Ba don shi ba, da a can aka bar Baba Jatau.

Motar kuwa teku ya cinye ta a gaban idon Shekarau, ita ce kuma abincinsa. Abin da ya faɗa kawai shi ne, "Baba, ba ka ji ciwo ba dai?"

Tsoho ya zauna a kan yashi, filafili a cinyarsa, yana shafa shi. Ya juya wajen muryar wannan, ya juya wajen muryar wancan, ya rasa hannun da zai miƙa wa.

To, jama'a, filafili ɗaya ne, ba ya kuma rabuwa. Wanda ya kai shi, da wadda ta nuna masa, da wanda ya dawo da shi da rai, wa za a ba a cikinsu?