Soron Iya Dudu

Ku saurara, in na gama ku yanke hukunci, don ni har yau raina bai huce ba.

A wata unguwa cikin birnin Zariya akwai wani tsohon soro, ginin ƙasa, rufin azara. Iya Dudu ta gaje shi daga mahaifinta, a ciki take wuni tana kaɗin auduga. 'Ya'yanta uku: Tanko, Sallau, da autarsu Lantana, malamar zanen gine-gine a makarantar koyon sana'a.

Tanko ya ga maƙwabta duk sun koma bulo, ya ce soron yana ba shi kunya gaban baƙi. Ya hana yaɓen da ake yi kafin damina, ya sa aka shafe bangon da siminti ciki da waje. Ginin ƙasa kuwa in ya sha ruwa, iska ce ke busar da shi.

Sallau ya kafa shagon ɗinki a jikin soron. Indararo na zubo masa ruwa a bakin ƙofa, sai ya hau ya cire shi, ya liƙe gurbin. Ruwa ya rasa hanya, ya riƙa kwanciya a kan rufi yana ratsa bango.

Lantana ba ta yarda ɗalibanta su koyi gini a littafi kaɗai ba, takan ce kowa ya fara da gidan ubansa. Ta zaga unguwa da su har soron, ta ƙwanƙwasa simintin, ya yi ƙara kamar ganga. Ta ce, "Kun ji? Ƙasar ciki ta jiƙe ta rabu da shi. Irin wannan ba ya ganin ƙarshen damina." Har jarrabawa ta yi musu a kai. Amma a gida ba ta ce uffan ba, wai ƙanwa ba ta gyara wa yayyenta aiki.

Wata Laraba cikin Agusta, bayan azahar, soron ya rufta. An ciro Iya da rai, amma sai da aka yanke mata ƙafa.

Da aka sallamo ta daga asibiti, 'ya'yan suka taru a gaban gadonta. Tanko ya ce, "Da indararo na nan, simintina ba zai cuci kowa ba."

Sallau ya ce, "Yaya, tun zamanin kaka bangon nan ke shan ruwa yana bushewa, sai da ka sa masa riga."

Suka juyo kan Lantana. "Ke kuma, malama, 'ya'yan wasu kika gaya wa."

Ta ce, "Da na faɗa, wa zai ji? Ba ku ne kuke cewa boko ya cire mini kunya ba?"

Iya ta ce, "Ku yi mini shiru. Biyu na yafe musu. Ɗaya kuwa kada ya ƙara taka ɗakina." Ta juya fuskarta bango, ba ta ambaci suna ba.

Har yau daga bakin ƙofa su ukun suke gaishe ta.

To, ku faɗa mini, wane ne a cikinsu ya cancanci ya tsaya a waje?